Fankar Ɗakin Maimuna

Ni Maiwada na Saulawa ban taɓa zama a aji ba, ban san yadda ake riƙe biro ba, amma abin da idona ya gani ko alƙali bai gani ba. Agana ta kama ni ina yaro, ta kwashe tsararrakina a unguwa, ni kuwa ta yi mini zane a fuska ta wuce. Rijiya ta rufta da ni a Ikara, aka tono ni ina tambayar wa ke da goro. Motar rake ta kife da mu a hanyar Makarfi, direba ya karye, kwandasta ya karye, na fito daga ƙarƙashin kaya ina shan kara guda. Kububuwa ta sare ni a fadama. To ku je ku tambaya, tsakanina da ita wa aka binne. Duk wannan bai taɓa hana ni zama in miƙe ƙafa ba. Sai ga shi da tsufana wata fanka, ƙarfe da fiffike, ta mai da ni kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Da kaka ne hawan jini ya kayar da matata Maimuna a bakin murhu. Allah ya yi da sauran kwana, amma ɓarin hagu ya shanye, murya kuma ta koma can cikin maƙogwaro, sai ka kara kunne kafin ka ji abin da take faɗi. Ni na yi dabara, don dabara ba a makaranta ake sayenta ba. Na ajiye mata tasa da cokali a gefen hannun dama. In ƙishi ne, ko tana so a juya ta, ko wata bukata, sai ta ƙwanƙwasa. Ni ina rumfa a bakin turakata ina tufkar igiyar rama, hannu na aiki, kunne na can. Da na ji ƙwal-ƙwal sai in tashi. In kuma abin na mata ne in ƙwala wa Rahmatu kira, matar ɗana Tukur. Haka muka ci sanyi lafiya lau.

Da bazara ta kankama sai ɗakin ya zama tanderu. Tsohon gini ne na jar ƙasa, kwano a sama, taga kuwa ba ta fi tafin hannu biyu ba. Maimuna ta rinƙa haki, zufa na jiƙa matashi. Likita ya ce lallai a nema mata iska. Tukur, da yake yana jan bas tsakanin Ikara da Zariya, sai ga shi wata rana da wani ƙaton abu a bayan mota. Ba irin fankar da ake ratayawa a sama ba ce. Wannan a ramin bango ake dasa ta, ta zuƙo zafin ɗaki ta watsar waje. Wai daga wani gidan kaji da aka rufe ya samo ta.

"Baba, wannan kaji ɗaki guda take yi wa fifita," in ji shi, "balle Inna ita kaɗai."

Ya fasa bango can sama dab da azara, ya cusa ta, ya ɗaure da noti, ya ɗora faifan sola a kan kwano. Ba batir, ba komai. Rana ta fito ta tashi, rana ta faɗi ta kwanta. Kuma duk yadda rana ta ƙara zafi, haka haukanta ke ƙaruwa.

Gaskiya ɗaya ce, ta yi aiki. Zufa ta bushe, hakin ya ragu, ka shiga ɗakin ka ji iska na ja ta ƙofa tana shafar ƙeya. Amma kukan! Ita tana yi, azara na amsawa, kwanon rufi gaba ɗaya na karkarwa. Awaki suka daina kwanciya a gindin bangon. Wata maƙwabciya ta shigo da ƙwaryar dawa a ka, tana tambaya ko mun sa injin niƙa ne ba mu sanar ba.

Na ce da Tukur, "Kai, wannan abu ba ya yin magana a hankali?"

Ya ce, "Baba, ai ƙarar ita ce ƙarfin. Injin da ba ya kuka mushe ne."

Ni ma dai da haka na tashi na ji ana faɗi.

Ran nan bayan azahar ina rumfa ina tufka, Rahmatu ta ɗauki kunu ta shiga ɗakin, sai na ga ta fito da gudu hannu a ka. Salatin ma ban ji ba, bakinta kawai na gani yana motsi. Na shiga na iske Maimuna a ƙasa, rabin jiki a kan tabarma, ƙafar da ta shanye tana maƙale a bakin gado. Cokalin ya lanƙwashe. Gindin tasar ya lotsa. Ta buga, ta buga, har hannu ya gaji, sannan ta yunƙura da kanta za ta jawo buta. Ni kuwa ga ni nan, tsakanina da ita bai fi jifan ɗan yaye ba, ina tufkar igiya kamar kurma.

Tun daga ranar zama ya ƙare mini. In zauna, in tashi, in je bakin ƙofa in leƙa, in dawo. Kafin in gyara zama sai in ji kamar ƙwal, in sake tashi, in tarar barci take yi. Igiyar da nake tufkawa ta rinƙa fita kamar hanjin akuya, nan kauri can siriri. A masallaci liman na sallama ina neman takalmi. Tuwo ma a tsaye nake ci.

Za ku ce me ya hana ka shiga ka zauna kusa da ita? Wanda bai san garinmu ba ne zai faɗi haka. Dattijo mai suruka a gida ba ya tarewa a ɗakin mata da rana tsaka. Ka shiga ka yi abin da ya kawo ka, ka fito. In ka daɗe, Rahmatu ba za ta iya shiga ba, mata masu zuwa dubiya su tsaya cirko-cirko a tsakar gida, gobe kuma a majalisa a ce Maiwada ya ɗaura zani. Ni da ake kira in an rasa mai shiga rijiya.

Na kashe fankar, na cire waya. Kafin in sha ruwa in ajiye moɗa Maimuna ta fara haki. Na mayar. Na samo gashin kaza na tsoma a man gyaɗa na ɗiga wa fankar a cibiya. Ta yi laushi kaɗan kamar za ta ji magana, can sai ɗaki ya ɗauki ƙamshin ƙosai, washegari kiyashi suka yi layi a bango, kuka kuwa ya dawo da sabon amo a kai. Na rufe ramin ta waje da buhun taki ninki biyu. Ƙara ta ragu, zafi ya dawo ciki. Tukur ya zo ya fizge buhun yana huci.

"Baba, so kake ta ƙone? Ka toshe mata hanci ka ce ta yi numfashi?"

"To kai da ka kawo ta, rufe mata baki."

"Haka Allah ya yi ta."

"Allah bai yi ta ba, maƙeri ya yi ta. Abin da mutum ya ƙera kuwa, mutum na iya ladabtar da shi."

Ran kasuwar Makarfi na yi sammako. Na ce da Rahmatu ta bar wanki, ta bar daka, ta zauna a bakin ƙofar nan ido a kan tasa har in dawo. Ta durƙusa ta ce to Baba. Niyyata Taba, can ƙasar Kudan, wurin Gambo, abokina tun muna zuwa cin rani tare. Shi ke gyara wa masu noman tumatir injin ban ruwa, kuma duk injin da ya gagare shi sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Fankar ba ta ɗaukuwa, don in na cire ta Maimuna za ta dahu kafin in dawo. Sai na ɗauko kukan a bakina.

Daga acaɓa zuwa bas, daga bas zuwa acaɓa, duk hanya ina bita a hankali don kada ya zube. Wata mata da ke kusa da ni ta ja ɗanta ta matsa.

Na iske Gambo a gindin mangwaro, hannu dumu-dumu da baƙin mai. Muka gaisa har muka gaji, gida, iyali, zafi, jikin mai jiki.

Ya ce, "Tsohon banza, ashe ba ka mutu ba?"

"In mutu in bar wa wa duniyar? Kai?"

Na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Ina fankar?"

"Tana bakin aiki. Saurara." Na cika kumatu na yi masa: garrrr, kaf-kaf-kaf, garrrr, sannan na kaɗa leɓe yadda kwano ke yi.

Gambo ya kwanta a kan buhu yana dariya har da tari. Manoman da ke jiran injinsu suka taya shi.

"Sake yi, don Allah, ban ji wurin kaf-kaf ɗin ba."

"Gambo, ba wasa ya kawo ni ba."

"To ka sayi auduga ka toshe kunne, ka huta."

"Kunnen nake nema, kai kana cewa in toshe! Tasa nake so in ji."

"To ɗaura mata igiya a hannu, ɗaya bakin a babban yatsanka. In ta ja ka zo."

"Akuya ce? Matar da ta haifa mini gida guda zan ɗaure a turke?"

Ya ga fuskata, dariyar ta tsaya. Ya goge hannu a tsumma ya ce shi gaskiya aikinsa sa inji ya yi kuka ne, bai taɓa koyon hana shi ba. Amma akwai wani Bilya a kasuwar Makarfi, layin masu kayan wuta, shi fanka ce sana'arsa. Ya ce in tsaya a kawo fura. Ina! Rana ta riga ta hau, na san can gida mahaukaciyar fankar nan ta buɗe murya. Na bar shi da furarsa.

Kasuwa ta cika ta batse, rake tsibi-tsibi, motoci na ta hon, ni kuwa ko wane ƙarfe aka buga sai gabana ya faɗi. Mai shayi ya taɓa kofi da cokali na waiga kamar an kira sunana. Na sami Bilya a wata rumfa da fankoki rataye kamar naman layya. Magidanci ne, mai ɗan gemu. Shi bai yi dariya ba da na yi masa kukan. Ya karkata kai ya ce in maimaita.

"Baba, a jikin me aka ɗaure ta?"

"Bango. Kanta na tokare da azara."

"Rufin kwano ne?"

"Kwano."

Ya ɗauko wata 'yar fanka ya kunna, ya riƙe ta a hannu. Sai ɗan huci kawai. Ya ɗora ta a kan wata durom da babu komai a ciki. Nan take durom ta ɗauki ruri, har mai rumfar kusa ya leƙo. Ya ɗaga ta, ya ninka wani tsohon tub na babur ya shimfiɗa, ya sake ɗorawa. Shiru.

"Ka gani, Baba? Ba ita ke ihu ba, ɗakin ne. Ita rawa kawai take yi, kwano ke mata kiɗa. A raba jikinta da azara da roba, a sa roba a gindin kowane noti. Kaf-kaf ɗin nan kuma, a duba fiffiken, akwai wanda ya fi 'yan'uwansa nauyi."

Na ce, "Abin da na zata ke nan tun farko, so nake in ji ko kai ma ka sani."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai na ga alama, Baba."

Na karɓi tub a wurin mai faci na kamo hanya. Direban bas ya tsaya ɗaukar buhunan barkono a wani ƙauye, na kusa sauka in ƙarasa da ƙafa. Na iso na iske Rahmatu a inda na bar ta, ta ce Inna ba ta buga ba ko sau ɗaya.

Washegari tun rana ba ta taɓa faifan ba na hana Tukur fita lodi. Ya hau turmi ya kwance fankar, ni ina ƙasa ina ba da umarni. Da muka sauke ta sai ga kashin kaji da gashi sun daskare a bayan fiffike ɗaya, kauri kamar ƙanzo, man gyaɗana kuma ya ƙara musu ƙura. Muka kankare, muka wanke. Na yanka tub da wuƙata ƙanana-ƙanana, kowane noti da robarsa. Ramin ya yi sama da yawa, ba yadda za a yi kanta ya bar azara, sai na ninka wani babban yanki muka cusa a tsakani, ya zauna daram.

Rana ta hau. Fiffike ya motsa, ya juya, ya ɓace don gudu. Muka tsaya muna jira a fara. Ba a fara ba. Sai wani shuuu, kamar iska a gonar dawa.

Tukur ya riƙe baki. Na ce, "Mushe ne? Sa hannunka a ƙofa ka ji." Iska na ja kamar da, har ta fi. Na sa Rahmatu ta buga tasar, na tafi zaure, na ji. Na fita ƙofar gida, na ji. Na dawo ina taku ɗai-ɗai. Tukur ya ja motarsa ya tafi yana girgiza kai, ni kuma na zauna a rumfa na miƙe ƙafa, karo na farko tun faɗuwar nan. Har kukan kurciya na ji a kan tsamiya.

Wajen tsakar rana, Rahmatu na tankaɗe a bakin madafa, sai na ji wani abu. Ba tasa ba ce. Wani sauti ne can ƙasa-ƙasa, mai tsawo, ya fito ya katse, ya sake fitowa. Na zaci akuya ce za ta haihu. Na duba, awaki na kwance a gindin bango suna tuƙa. Rahmatu ta tsai da rariya, ta juya ta dubi ɗakin, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Sautin ya yanke kamar an sa wuƙa.

Na shiga. Maimuna na kwance ta cusa gefen zani a baki ta danne da haƙori, jijiyar wuya ta miƙe, hawaye na gangarawa cikin kunne. Tasa na nan, cokali na nan, ba ta taɓa su ba. Na durƙusa na zare zanin a hankali, na kara kunne.

"Malam, wa ya kashe ta?"

"Ba a kashe ba. Gyara na yi. Ba ki ji iska ba? Har Taba na je, har Makarfi."

"Mayar da ita."

Na zaci ban ji daidai ba. "In mayar da me?"

Ta yi numfashi, ta tattaro maganar guntu-guntu. Ashe da rana ciwon ke taso mata, tun daga ƙugu har ƙeya, kamar ana zare jijiya. Tun shigowar zafi haka take. Da fankar na kuka, sai ta yi nata a cikin na fankar, ba mai ji.

"Yanzu matar ɗana na ji. Na haifi 'ya'yanka, ko ungozoma ba ta san muryata ba. Ba zan fara a gaban suruka ba."

"To in kin buga tasa ban ji ba fa? So kike in sake tsintar ki a ƙasa?"

Ta lalubo zanin da hannun dama ta mayar baki, ta juya ido ga bango.

Na fito. Na je rumfa, ban zauna ba. Na je zaure, na dawo. Na zaga bayan ɗaki na tsaya ina kallon fankar tana juyawa salin-alin, aikin hannuna, abin da Gambo ya kasa. Gidan ya yi tsit, kuma na san abin da tsit ɗin nan ke ci a cikin ɗaki. Rahmatu ta kwashe garinta ta shige madafa ta ja ƙyaure, wai don ta ba da wuri, amma madafar da ɗakin bango ɗaya suke. In na bar ta shiru, tsohuwa za ta tauna zani har haƙoran da suka rage su zube. In na mayar da ƙara, na koma kurma. Na yi zagayen gidan nan har awaki suka tashi suka ba ni hanya.

Sai na jawo turmi. Da tsufana, da rana tsaka, fanka na gudu, na hau. Na sa bakin wuƙa na taɓe babbar robar nan ta tsakaninta da azara, fiffike na shan iska dab da yatsuna, na fizge. Kanta ya koma ya jingina. Azara ta karɓa, kwano ya amsa, gida ya ɗauka garrrr, kurciya ta tashi daga tsamiya.

Na sauka na nufi rumfa. Na naɗe buzuna, na ɗauki damin rama da butata, na ratsa tsakar gida. Daidai lokacin ga wasu mata biyu sun yi sallama sun zo dubiya. Suka tsaya suna kallona da buzu a hammata. Na ce, "Ta samu barci, ku dawo da yamma," na sa kai cikin ɗaki, na shimfiɗa a gindin gado, wajen hannun dama.

Maimuna ta dube ni, ta dubi buzun. Na kama tufka. Can sai ta saki zanin. Abin da na ji bayan nan ba zan faɗa muku ba, ba da ku aka yi ba. Na dai ajiye ramar na riƙe hannun har abin ya lafa.

Da la'asar Tukur ya dawo, tun daga zaure yake magana da ƙarfi don a ji shi. Na fito bakin ƙofa.

"Baba, robar ta fita ne? Bari in hau in mayar."

"Bar ta. Fankar kaji ce, ba ta jin magani."

"To zan nemo wata a Zariya, akwai marasa ƙara."

"Na ce ka bar ta. Gobe ba lodi. Za ka kai uwarka asibiti, ka ce da likita ciwo na taso mata da rana, daga ƙugu zuwa ƙeya. Ya ba ta abin da zai kwantar."

"Inna ce ta faɗa? Ai kullum na tambaye ta sai ta ce da sauƙi."

"Ni na faɗa. Ko ka fi ni sanin ciwo ne?"

Ya leƙa ta bayana ya hango buzun a ƙasa. Ya dubi fuskata, ya tafi wanke motarsa.

Na koma na zauna. Ba a jima ba na ga inuwa a bakin ƙofa. Rahmatu ce. Ba ta shigo ba, ba ta ɗaga labule ba. Ta durƙusa daga waje ta turo kwanon kunu da kwanon tuwona tare, ta ja da baya.